Siraran Tsirkiyoyin Alhaji Bawa

Ranar Talata da hantsi, ina ɗakin shan magani a Anka ina jera kwalaben rigakafi cikin akwatin ƙanƙara, wayata ta yi ƙara. Lawali ne, babban ɗan Alhaji Bawa na Gummi. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba, don Lawali mutum ne mai doguwar gaisuwa, ranar kuwa ko iyali bai tambaya ba. Ya ce, "Malam Sa'idu, sai haƙuri. Allah ya yi ma Baba rasuwa bayan sallar asuba. Yanzu haka muna shirin kai shi makwancinai." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan benci riƙe da murfin akwatin, sai da wata mata da ta kawo ɗanta ta ce min, "Malam, ƙanƙararka tana narkewa," sannan na rufe.

Zan faɗi gaskiya, tunda shi marigayin bai san ƙumbiya-ƙumbiya ba. Abin da ya fara shiga zuciyata ba baƙin ciki ba ne kaɗai, har da tsoro. Shekara bakwai ina ɗauke da haƙƙin mutumin nan a wuyana. Ya ba ni amanar abin da ya fi so a cikin kayan duniya, na lalata shi da hannuna, na mayar masa a rufe ban ce uffan ba. Kullum ina cewa gobe zan je in durƙusa in nemi gafara, goben nan kuwa ba ta zo ba har aka ce ya tafi. Yau da nake wannan rubutu zuciyata a sanyaye take, alhamdu lillahi, kuma dalilin sanyin nan nake so in bayyana wa waɗanda suka san shi da waɗanda ba su san shi ba.

Mun yi aiki tare shekara biyar a sashen wayar da kan jama'a kan kiwon lafiya a Gummi. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, amma bai taɓa nuna min shi ne babba ba sai wajen cin tuwo, inda yake fara sa hannu. Aikinmu yawo ne a kan babur ɗaya, ni ke tuƙi, shi yana baya rungume da wani baƙin akwati. A cikin akwatin nan jitarsa take. Ya samo ta tun yana saurayi, lokacin da ya bi fataken goro kudu ya daɗe a can. Tsohuwa ce ƙwarai, katakonta marar nauyi, ta sha hannu har ta yi sheƙi. Idan muka isa kasuwar ƙauye, ni in na ɗaga murya ina maganar amai da gudawa ko ƙyanda, ko akuya ba ta waiwayo ni. Shi kuwa sai ya nemi gindin bishiya ya zauna, ya taɓa tsirkiya biyu uku, kafin ka ce kwabo an kewaye shi. Sai ya rera ɗan baitin da ya ƙirƙira kan tafasa ruwan sha, ya dakata, ya nuna ni da haɓa ya ce, "To ga malamin, ni maroƙinai ne kawai."

Ba na manta wani Arɗo a wata ruga bayan Nasarawa Burkullu, wanda ya rantse ba za a taɓa yaran rugarsa da allura ba. Ni da zafin kaina na fara kawo masa doka, har ina ambaton hakimi. Malam Bawa, don lokacin bai je Hajji ba, ya dafa min gwiwa ya ce, "Sassauta." Ya karɓi nonon da aka kawo mana ya shanye, ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya, muka tashi ba mu yi wa kowa allura ba. Muka koma mako na biyu, haka. A mako na uku Arɗo da kansa ya riƙo hannun jikarsa ya kawo ta. A hanyar dawowa na ce masa mun ɓata man babur har sau uku a kan abin da za a gama rana ɗaya. Ya ce, "Sa'idu, in ka ja abu hiye da abin da wuyanai ka ɗauka, ba ƙara za ka samu ba, karaya za ka samu." Na ce to, a raina kuwa ina lissafin ramukan hanya.

Abin da ya daɗe yana ci min rai game da jitar nan shi ne tsirkiyoyinta. Guda shida ne. Ukun sama masu kauri tsofaffi ne, masu laushi, ya ce zare ne a cikinsu aka naɗe da siririyar waya. In suka yi datti sai ya kwance su ya tafasa su a ɗan gwangwani, ya shanya, ya mayar. Ukun ƙasa kuwa, wallahi, zaren kamun kifi ne. Wurin masunta yake zuwa bakin gulbi ya zauna yana zaɓe kamar mai zaɓen iri. Yana da wata ƙusa a aljihu. Sai ya naɗa zaren sau goma a jikinta, ya matse, ya auna faɗin naɗin da farcen babban yatsansa. Wanda ya cika rabin farce na tsirkiyar ƙasa ne, wanda ya ɗara kaɗan na mai bi mata, wanda ya kusa cika farce na ta uku. Masunta suna masa dariya suna cewa Malam Bawa zai kama kifi da waƙa. In ranar babbar kasuwa ce, inda hayaniya ta yi yawa, sai ya warware wayar birkin keke ya zaro sili ɗaya ya ɗaura a madadin ta ƙasan, don ta fi kaifin murya. Amma da zarar mun tashi sai ya cire ta, kuma kowace yamma sai ya murɗa kunnuwan jitar baya, ya sassauta duka shidan kafin ya rufe akwati.

Ya koya min kiɗa a lokutan hutun rana, ya kuma yi min bayanin duk wannan ba sau ɗaya ba. Ya ce tsirkiya mai kauri nauyi gare ta, ba ta kai muryar da ake so sai an ja ta da ƙarfi; tana da amo, tana daɗewa, amma tana cin yatsa kuma tana cin katako. Siririya ba ta son ja da yawa, tana da daɗin dannawa, sai dai muryarta ba ta nisa kuma ba ta da wuyar tsinkewa. Ya ce ta ƙarfe da ta zare ko kaurinsu ɗaya ne jansu ba ɗaya ba ne, ta ƙarfe ta fi nesa ba kusa ba. Ya ƙwanƙwasa wuyan jitar ya ce, "Na zamani ana sa musu sandar ƙarfe cikin wuya. Wagga babu komi ciki sai icce da haƙuri." Ya kan ƙara da cewa, "Tsirkiya ba igiyar shanu ba ce, da za a ce mai kauri ta hi."

Na ji duk wannan da kunnena. Amma ni ɗan manoma ne, na tashi a gidan da in za a sayi igiya ko fartanya ko tukunya, mai kauri ake nema, siriri kuwa na wanda bai da hali ne. Don haka a raina na yanke cewa maganar Malam Bawa maganar rarrashin kai ce, irin ta mutumin da bai samu na kanti ba ya ce na gida ya fi. Kuma abin yana min ciwo, a ce mutum mai daraja irin wannan yana kiɗa da zaren kifi, yara suna leƙawa suna ƙus-ƙus. Na ƙudurta cewa wata rana sai na fitar da shi kunya. Kun ji inda wautata ta faro, daga ƙauna ta faro, amma wauta ce.

Shekarar da Allah ya kira shi aikin Hajji, ana gobe za su tafi sansani ya zo gidana da akwatin. Ya ce gidansa jikoki sun yi yawa, kar su mayar da ita ganga. Ya ce, "Ga amana. Ka kaɗa in kana so, amma in ka ƙare ka sassauta. Kak ka bar ta cikin rana." Na karɓa da hannu biyu. Bayan mako ɗaya aiki ya kai ni Sakkwato, na nemi shagon da ake sayar da kayan kiɗa har na samu. Mai shagon ya baje min fakiti iri-iri, kowanne da lamba a jiki: tara, goma, goma sha ɗaya, har goma sha uku. Ya ce lambar kaurin siririyar cikinsu take nunawa, in ta hau, sauran biyar ma sun hau. Allah ya sani mutumin nan ya yi nasa, don sai da ya tambaye ni wace irin jita ce, ta ƙarfe ce ko ta zare. Na ce, "Kai dai ba ni mafi kauri, na manya." Ya sake tambaya, na nuna masa ina sauri. Ya miƙo min lamba goma sha uku, ƙarfe zalla, suna walƙiya.

Na dawo Gummi ina jin kaina kamar wanda ya sayo wa ubansa doki. Na kwance tsofaffin, na dunƙule su na jefa a aljihun akwatin, na ɗaura sababbin. Tun wajen murɗawa kunnuwan suka yi tauri, katakon yana ɗan kuka, na ce sabunta ce. Da na kai su muryar da ya koya min na kaɗa, kai! Amon ya cika tsakar gida har matata ta fito daga madafa. Yatsuna suka yi jawur cikin ɗan lokaci, na ce wannan ai shi ne alamar kayan kirki. Ban sassauta ba, don wahalar da na sha kafin su daidaita ta sa na ji ƙyashin sake ta. Na jingine ta a kusurwar ɗaki haka, ga shi bazara ta kama, ɗakina kuma rufin kwano ne.

Kwana na biyar, bayan azahar, muna cin abinci a inuwa, muka ji ƙara daga ɗaki kamar an karya busasshen kara. Na shiga da miya a hannu. Ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, wanda makaɗa ke kira jaki, ya ɓalle, ya tafi da ɓallin fuskar jitar mai faɗin yatsa uku. Tsirkiyoyin sun watse suna lilo. Da na ɗaga ta na hango tsawon wuyan, ya lanƙwashe ya yi ciki. Jitar da ta yi shekara talatin da wani abu tana yawo a bayan jaki da keke da babur ba ta yi ko tsaga ba, ni na kashe ta cikin kwana biyar a ɗakina, da kyautata.

Ranar da alhazai suka dawo, gidansa ya cika maƙil, ana rabon dabino da zamzam. Na zo da akwatin a rufe, na ratsa ta gefe na miƙa wa maiɗakinsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Na ce, "Inna, ga ajiyar Alhaji." Ta ce in sa bayan ƙofa. Na fito zaure na gaishe shi, ya rungume ni, ya ɗora min hula a ka ya ba ni carbi. Bakina ya buɗe zai yi magana, na dubi mutane, na ce ba yau ba. Washegari na ce bari gajiya ta sake shi. Da aka yi mako, sai kunyar shirun ta fi kunyar laifin. Kafin wata biyu na ji ana neman wanda zai koma Anka, na miƙa sunana da kaina.

Daga shekarar nan ba a sake ganin Alhaji Bawa da jita a kasuwa ba. Mutane suka ce ai Hajji ce ta raba shi da kiɗa. Wasu suka ce zamani ne, don a shekarun nan al'amura sun sauya a jiharmu, kiɗa ya ja baya daga bainar jama'a, shi kuma ga ritaya ta zo. Duk wanda ya faɗi haka a gabana sai in gyaɗa kai, alhali ni a ganina na san gaskiyar: ba shi da abin kaɗawa ne, kuma ni na raba shi da shi. Haɗuwarmu a shekarun nan ba ta kai sau goma ba, wajen ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa. Kullum sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya tambayi yara da sunayensu, sannan ya ce, "Yaushe za ka taho gida mu zamna?" In ce, "Ina nan tafe, Alhaji." In hau babur ina cewa a raina, zaman nan na shari'a ne, ranar da na je zai buɗe akwatin a gabana. Bai taɓa ambaton jita ba ko da wasa, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin fushin manya, irin wanda ba a furtawa.

To, ranar Talatar nan ban samu jana'iza ba. Kafin motar da na shiga ta isa Gummi an dawo daga maƙabarta. Aka ce min liman ya roƙi jama'a duk wanda Alhaji ya yi wa laifi ya yafe masa, aka amsa gaba ɗaya an yafe. Na zauna a kan tabarma a ƙofar gida ina tunanin abu ɗaya: an roƙi masu rai su yafe wa mamaci, to ni wa zai roƙar min mamaci? Kwana uku ina zaune a wurin, ana ta yabonsa, kowa yana kawo nasa alherin da ya tuna, ni kuwa shinkafar sadaka ma sai dai in jujjuya ta in ture.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara raguwa, Lawali ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce Inna tana kirana ciki. Na tashi na bi shi. Na same ta a ɗakin marigayin, zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, baƙin akwatin nan yana gabanta. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ban jira ta fara ba, na ce, "Inna, ina da magana a kan akwatin nan. Ni ne na..."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Buɗe tukuna, ɗan nan. Shekara bakwai kana da baki ba ka yi magana ba, yanzu ka ƙara haƙurin minti guda."

Na buɗe. Jitar tana kwance lafiya lau, jakinta a manne, wuyanta a miƙe. A fuskarta akwai tabo mai duhu inda ɓallin ya tashi, an mayar da shi an shafe. Tsofaffin tsirkiyoyi ukun nan da na dunƙule suna wurinsu, ukun ƙasa kuma zaren kifi ne, sabo, duka a sassauce. Na ɗago na dubi Inna.

Ta ce, "Randa kak kawo ta, da baƙi sunka watse da la'asar, ya buɗe. Ina tsaye nan. Ya daɗe yana kallo, ni har na tsorata. Sai ya ɗauko takardar wayoyin nan naka da ka bari ciki, ya karanta lambar, ya kama dariya har yana tari. Yac ce, ‘Hajo, zo ki ga ƙauna. Yaron nan har Sakkwato yat tahi ya sawo mani mahi kauri, don shi gidansu mai kauri shi ne na girmamawa.’"

Na ce, "Bai yi fushi ba, Inna?"

Ta ce, "Fushi? Ni ce ma na yi fushi, kuma ba da kai ba, da shi. Dutsen niƙana ya ɗauke! Ya samo gam wurin kafinta ya manne katakon, ya kwantar da ita kan gadon nan ya sa tsumma, ya aza mata dutsen niƙana bisa wuya wai shi miƙe. Kwana arba'in ina zuwa maƙwabta aron dutse kamar sabuwar amarya. Kullum da sahe sai ya ɗaga ya leƙa ya ce saura kaɗan."

Lawali da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi dariya, ya share ido. Na ce to me ya sa ya daina kiɗa, tunda ta gyaru? Inna ta ce, "Wa yac ce maka ya bari? Kasuwa ya bari, don ya ce girma ya zo kuma gari ya sake. Amma ɗakin ga, kullum bayan la'asar sai ya kaɗa mani, ina tsinkar zogale yana yi. Zaren kihin nan muryarshi ba ta ƙetare katanga, shi ya sa ba wanda ya sani. Har ya ce tun da ta karye muryarta ta ɗan dishe, kuma ya hi son ta haka. Sai watan jiya da hannu ya ƙi ya aje."

Ta nuna min da yatsa ta taga. Ƙyauren garken awakinta da wata waya mai kauri aka ɗaure shi, ta yi tsatsa amma tana riƙe. Ta ce wannan ita ce babbar cikin tsirkiyoyin da na sayo, shekara bakwai ko bunsuru bai tsinka ta ba. Siririyar cikinsu kuma da ita take yanka sabulun da take sayarwa. Ta ce ya kan ce wayoyin Sa'idu ba su da laifi ko kaɗan, wurinsu ne ba a sa su ba.

Sannan ta gyara zama, muryarta ta sauya. Ta ce kwana biyu kafin ya cika ya kira ta da Lawali, ya ce su zama shaida. Lawali ya matso ya faɗi maganar kamar yadda ya ji ta, kuma ga ta kamar yadda na riƙe: "Ku gaya ma Sa'idu ban riƙe shi ba ko na wuni guda. Na yi shiru ne don kar in kunyata shi, ina cewa in ya zo gida in sa mai ita a hannu mu yi dariya, magana ta ƙare. Ashe shirun nawa nauyi ya zame mai, na gani ga idonai duk sadda munka gamu, amma na ci gaba da jira. Ni ne babba, ni ya kamata in taka in same shi Anka. Na bar shi a ɗaure shekara bakwai ban sassauta ba. Ku roƙar mani shi, shi yahe mani."

Jama'a, ni da na zo da roƙo a bakina, ni aka aiko wa roƙo. Na kifa kaina a kan akwatin nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, ba kunyar Inna ba ta Lawali. Amma ba kukan ƙunci ba ne, wani abu ne da ya daɗe a ƙirjina ya kwance. Inna ta bar ni sai da na yi mai isata, sannan ta ce, "To, ana jiran amsarka. Saƙo ne, sai na ji da kunnena." Na ce, "Na yafe, Inna, duniya da lahira, ko da yake ban ga abin yafewa ba. Ni ma Allah ya sa ya yafe min." Ta ce, "Wannan an gama tun shekara bakwai. Tashi ka ci abinci, Lawali ya ce kwana uku kana wasa da shinkafa."

Na ci kuwa, kwano biyu, a nan ƙofar ɗakin. Da zan tafi Lawali ya ɗauko akwatin ya biyo ni da shi, ya ce Baba ya yi wasiyya a ba ni, su duka magada sun amince. A aljihun akwatin na tarar da ƙusar nan tasa da ƙullin zaren kifi kala uku, kowanne ya ɗaure shi daban. Yanzu tana ɗakina a Anka, nesa da rana. Ban iya kiɗa kamar shi ba, ba kuwa zan iya ba, amma nakan taɓa ta bayan la'asar, in na gama in murɗa kunnuwan baya ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in akwai wanda kake kauce wa hanyarsa saboda wani abu da ka yi, ka je yau. Ni an yi min sauƙi, saƙona ya iso ta bakin mutum biyu masu amana, ba kowa ke samun haka ba.

Ya Allah, ga bawanka Bawa ya zo gare ka. Mun shaida bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba, ko Arɗo a ruga, ko abokin aiki mai taurin kai, ko tsohon katako. Ya Allah ka yi masa sassauci fiye da yadda ya yi wa bayinka, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe nawa tun kafin in roƙa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Hajo haƙuri da lafiya, ka ɗebe mata kewar la'asar ɗin nan da ɗakin zai yi mata shiru. Ka haɗa kan Lawali da ƙannensa, ka albarkaci jikokin da ya bari, ka sa su gaji sanyin halinsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ka sa mu cika da imani, ba haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.